Shin Ko Kun San? Rigimar Supra, Motar Japan Mai Injin Jamus

Shin ko kun san cewa motar da masoya Toyota suka shekara 17 suna jira, da ta tashi zuwa ba a Japan aka ƙera ta ba? Toyota GR Supra, wadda aka yaye wa lulluɓi ranar 14 ga Janairun 2019 a bajekolin motoci na Detroit a Amurka, a birnin Graz na ƙasar Ostiriya aka haɗa ta, a masana'antar wani kamfani mai suna Magna Steyr. Wuri ɗaya suka fito ita da BMW Z4. Injinsu ɗaya, giyarsu ɗaya, shasinsu ɗaya. Tun daga ranar nan masu sha'awar motocin gudu suka rabu gida biyu: masu cewa Supra ta dawo, da masu cewa BMW ce aka liƙa wa tambarin Toyota. Har yau ƙurar ba ta gama lafawa ba.

Shi Magna Steyr ɗin, ko kun san sana'arsa ke nan, haɗa wa wasu motocinsu? Jif ɗin nan ta Mercedes da ake kira G-Wagon, wadda manya ke hawa a Abuja da Kano, a Graz ake yin ta tun 1979, kuma ba a taɓa jin wani ya ce ba Mercedes ba ce.

Shin ko kun san dalilin da ya sa abin ya yi wa mutane zafi haka? Sai an koma kan tsohuwar Supra ta 1993, wadda ake kira A80, sannan a gane. Abin da ya ɗaukaka ta shi ne injinta, 2JZ-GTE: silinda shida a jere, lita 3, turbo biyu, ga gangar jikin injin ta zubin baƙin ƙarfe mai kauri. A Japan an rubuta mata ƙarfin doki 280, domin a lokacin kamfanonin ƙasar sun yi wata yarjejeniya ta fatar baki cewa babu wanda zai tallata abin da ya wuce haka. Wadda aka kai Amurka kuwa 320 aka rubuta mata. Amma makanikai ba su daɗe ba suka gano cewa injin ya fi ƙarfin abin da aka ɗora masa nesa ba kusa ba. A sauya masa turbo babba, a ƙara masa mai, sai ƙarfinsa ya ninka ba tare da an taɓa cikinsa ba. Waɗanda suka buɗe shi suka ƙarfafa kayan ciki sun haura doki 1,000. Don haka idan masoyin Supra ya ce "Supra", injin nan yake nufi kafin komai. Ka ce masa an dawo da motar amma injin na wani ne, ka taɓa masa inda ke ciwo.

Wataƙila ma kun taɓa zama a bayan ɗan'uwan wannan inji ba ku sani ba. Tsofaffin Lexus GS300 da IS300 da ke yawo a titunanmu, 2JZ ne a cikinsu, sai dai marar turbo.

Shin ko kun san cewa fim ne ya ƙarasa mayar da ita abin bege? A 2001 aka fitar da The Fast and the Furious, inda marigayi Paul Walker ya tuƙa wata Supra mai ruwan lemo. Ɗaya daga cikin motocin da aka yi fim ɗin da su an yi gwanjonta a Las Vegas a 2021 a kan dala 550,000.

Ga kuma abin da ba a cika son tunawa ba. Lokacin da A80 take sabuwa, ba ta yi kasuwa ba. Kuɗin Japan ya yi ƙarfi a tsakiyar shekarun 1990, farashinta ya yi sama, masu saye suka ja baya. A 1998 aka daina sayar da ita a Amurka, shekara uku kafin fim ɗin ya fito. A 2002 aka tsayar da ƙera ta gaba ɗaya, saboda sababbin dokokin hayaƙi na Japan. Soyayyar da ake yi mata daga baya ta zo, kuma mafi yawanta a kasuwar na-hannu ta ƙare, inda ko sisi ba ya shiga aljihun Toyota. Wannan darasi kamfanin bai manta da shi ba.

Shin ko kun san me ya kai Toyota ƙofar BMW? Rashin inji. Kowace Supra tun daga ta farko a 1978, lokacin tana reshen Celica, silinda shida a jere take ɗauka. Amma Toyota ya daina yin irin wannan inji tun wajen 2007, ya koma V6, wanda ya fi gajarta kuma yake shiga Camry da Sienna da Highlander ba wahala. Tetsuya Tada, babban injiniyan aikin, ya sha bayyana wa manema labarai cewa yin sabon inji daga tushe na nufin ƙarin shekaru da sabon layin masana'anta, duk saboda motar da ba za a sayar da yawa ba. BMW kuwa bai taɓa sakin irin wannan inji ba, da shi ma aka san shi. A Yunin 2012 kamfanonin biyu suka sa hannu kan fahimtar juna, a Janairun 2013 suka ƙulla yarjejeniya. Kuma ba motar gudu kaɗai ke ciki ba. Toyota ya karɓi injinan dizal na BMW ya sa a wasu motocinsa na Turai kamar Verso da Avensis, shi kuma BMW ya samu fasahar haidurojin ta Toyota, wadda ya yi amfani da ita a iX5 Hydrogen.

BMW ma yana da tasa buƙatar. Kasuwar motoci masu buɗaɗɗen sama ta yi ƙasa sosai bayan rikicin tattalin arziki na 2008, kuma Z4 tana cikin waɗanda abin ya shafa. Kowanne daga cikinsu yana neman wanda zai kama masa kaya.

Shin ko kun san cewa shugaban Toyota na lokacin, Akio Toyoda, jikan wanda ya kafa kamfanin motar, a kan tsohuwar Supra ya koyi tuƙin tsere? Malaminsa shi ne Hiromu Naruse, babban direban gwaji na kamfanin, wanda ya horar da shi har ya kai ga shiga tsere a Nürburgring a Jamus da sunan ɓoye, Morizo. Naruse ya rasu a Yunin 2010 a haɗarin mota kusa da wannan filin, yana gwajin Lexus LFA. Toyoda da kansa ya fito da sabuwar Supra a Detroit. Motar farko da ta fito daga masana'anta an yi gwanjonta a Janairun 2019 a jihar Arizona a kan dala miliyan 2.1, aka bayar da kuɗin ga ayyukan jinƙai. Farashinta na kasuwa kuwa daga dala 49,990 ya fara.

To, me masu suka suke cewa? Na farko, ciki. Ka buɗe ƙofa ka zauna, sandar giya ta BMW ce, maɓallan rediyo da na iyakwandishan na BMW ne, allon da ke tsakiya da ɗan ƙarfen da ake murzawa a sarrafa shi duk na BMW ne, har ƙarar da ke tuna maka ɗamara ta BMW ce. Ka ɗaga bonet, ka sunkuya ka duba robobi da wayoyi da marfin tankin ruwa, za ka ga harufan nan uku a buge a jikin kaya da dama. Daga nan aka laƙaba mata Zupra. A nan ina tare da masu suka. Inji yana da tsada, kowa ya sani. Amma abin da hannun mai mota ke taɓawa kullum, da abin da kunnensa ke ji da zarar ya tayar da ita, bai kamata a bar su yadda aka ɗauko su ba. Motar da ke ɗauke da suna irin wannan ta cancanci a kashe mata wannan ɗan kuɗin.

Na biyu, siffa. Shin ko kun san cewa Toyota ne da kansa ya ɗaga wa mutane buri? A Janairun 2014 ya nuna wani samfuri mai suna FT-1, wanda ɗakin zanensa na Calty da ke Kalifoniya ya tsara: doguwa, faffaɗa, ta kwanta a ƙasa. Jama'a suka shekara biyar suna kallon hotonta. Da ta gaske ta fito, sai ga zanen nan an matse shi a kan gajeren jiki. Tsakanin tayar gaba da ta baya milimita 2,470 ne kacal, wato ya gaza na ƙaramar ƙanwarta Toyota 86 da milimita 100. Kujeru biyu ne, alhali tsohuwar tana da ƙananan kujeru a baya. Injiniyoyin da gangan suka yi haka, domin gajeriyar mota mai faɗi ta fi saurin shan kwana, kuma Porsche Cayman suka sa a gaba a matsayin abokiyar gwaji. Amma ido ya riga ya saba da FT-1.

Sai kuma ramukan iska. A gefen bonet, a jikin ƙofa, a bayan taya, ko'ina akwai abin da ya yi kama da kafar shigar iska. Kai yatsa ka taɓa, sai ka ji baƙar roba ce a toshe. Tada ya ce an bar su ne don masu shiga tsere su buɗe idan sun buƙata. Bayanin bai gamsar da mutane da yawa ba, ni ma bai gamsar da ni ba.

Akwai wani aibi da masu ita kaɗai suka sani da kyau: idan aka sauke gilasai ana gudu, iska na dukan cikin motar da wata rugugi mai cika kunne. Har ƙananan kamfanoni suka samu kasuwa, suna sayar da 'yan robobin da ake mannawa kusa da madubi don karya iskar.

Na uku, kuma mafi girma: giya. Shin ko kun san cewa sabuwar Supra ta fito babu giyar hannu ko kaɗan? Otomatik ce mai hawa takwas ta kamfanin ZF na Jamus. Babu mai musun cewa tana da kyau, ta ma fi hannun kowane direba sauri. Amma wanda ya sayi irin wannan mota ba saurin isa kawai yake nema ba. Yana son ya taka kuloci, ya ji sandar ta faɗa gurbinta, ya daidaita totur da ƙafarsa kafin ya shiga kwana. Masoya suka yi ca, shekara uku ba su yi shiru ba. A Afrilun 2022 Toyota ya sanar da giyar hannu mai hawa shida. Abin da ya fi jan hankali shi ne Supra ta riga Z4 mai silinda shida samun ta. Sai a 2024 BMW ya bi sahu. Wannan nasara ce ta masu ƙorafi, kuma halas ɗinsu ce.

Yanzu ga inda masu suka suka sha ƙasa. Shin ko kun san cewa injin BMW ɗin da aka raina, B58, shi ya zo ya rufe bakin mutane? Toyota ya rubuta masa doki 335. Mujallar Car and Driver ta Amurka ta ɗora motar a kan na'urar awo ta samu 339 a tayoyi, alhali a ƙa'ida abin da ke isa taya ya kan gaza abin da inji ya bayar, saboda asarar da ake yi a hanya. Ma'ana an rage lissafin ne a takarda. Makanikan da suka wargaza injin suka tarar da gangar jiki ta alminiyom amma rufaffiyar sama, mai jure matsi. Kafin shekarar 2019 ta ƙare, Stephan Papadakis, wani gwanin gina injinan tsere a Kalifoniya, ya kai B58 doki 1,000. Yanzu har wasu daga cikin masu zagin jiya suna kiransa magajin 2JZ. Morgan ta Ingila ta sa shi a Plus Six, jif ɗin Ineos Grenadier ma shi take ɗauka.

Ba kowa ya sauko ba. Daigo Saito, zakaran wasan jan mota a karkace na Japan, da ya samu sabuwar Supra a 2019 sai ya cire injin BMW ya dasa 2JZ. Bidiyon ya zaga duniya, ɓangare guda suka yi ta murna.

Waɗanda suka fara saye ma sun samu nasu takaicin. Shekara ɗaya tak da fitowarta, samfurin 2021 ya zo da doki 382, ƙarin 47, tare da gyaran shasi. Wanda ya biya kuɗi sama da farashi don ya riga kowa, ya wayi gari tasa ce mai ƙaramin ƙarfi. A wannan shekarar ce kuma aka kai Amurka mai silinda huɗu, lita 2, doki 255, abin da wasu suka ɗauka wani sabon saɓo ne.

Shin ko kun san cewa duk da kayan ɗaya ne, motocin biyu ba tuƙinsu ɗaya ba? Injiniyoyin Toyota sun ce bayan an daddale kan tsawo da faɗi da manyan kaya, kowane ɓangare ya kama gabansa, kamar teloli biyu da suka yanki yadi ɗaya kowa ya tafi shagonsa. Z4 buɗaɗɗiya ce mai rufin yadi, an yi ta don mai son yawo cikin nishaɗi. Supra rufaffiya ce, rufin ya ƙara mata ƙarfin jiki, kuma Toyota ya daidaita sitiyari da shokoba da yadda bayanta ke raba ƙarfi ga tayoyi bisa nasa ra'ayi. Mafi yawan 'yan jaridar da suka tuƙa su a jere sun ce Supra ta fi zafin nama. Da yawa daga masu cewa mota ɗaya ce, a hoto suka san su.

Su kuwa masoya BMW ba su ta da jijiyar wuya ba. Injinsu ne, kayansu ne, babu abin da aka ɗauke musu.

Shin ko kun san cewa motar gudu ta farko da ta fito da sunan Toyota a idon duniya ma haɗin gwiwa ce? 2000GT ta 1967, wadda ta fito a fim ɗin James Bond na wannan shekarar, a masana'antar Yamaha aka haɗa ta, kuma duka-duka ba a yi 400 ba. Rufin sabuwar Supra mai tudu biyu daga gare ta aka gado shi. Injin Lexus LFA mai silinda goma ma da hannun Yamaha. Toyota 86 da Subaru BRZ na 2012 kuwa a masana'antar Subaru da ke Gunma ake yin su, da injin Subaru, kuma shi dai Tada ne ya jagoranci aikin daga ɓangaren Toyota. An yi musu ba'a, an ce ƙarfin doki 200 ya yi kaɗan, an ce tayoyin irin na Prius ne, amma ba a ce 86 ba 'yar gida ba ce. Bambancin a bayyane yake: Yamaha da Subaru na Japan ne, Toyota ma yana da kashi 20 cikin 100 na hannun jarin Subaru. Rigimar Supra akwai kishin ƙasa a cikinta, ko da ba a faɗa.

A wasu wurare aron bai dami kowa ba. McLaren F1, wadda ake sa wa a sahun farko na motocin gudu a tarihi, injin BMW ne a cikinta. Lotus ta Ingila ta sa V6 irin na Camry a Evora tun 2009. Porsche ya taya Mercedes haɗa 500E, ya taya Audi haɗa RS2. Wadda ta ɗan sha irin dukan Supra ita ce Fiat 124 Spider ta 2016, da Mazda ya haɗa a Hiroshima a kan shasin MX-5, ita kuma ba ta yi tsawon rai ba.

Mu ma a nan mun san irin wannan auren, sai dai ta ɗaya fuskar. Shin ko kun san cewa Pontiac Vibe, wadda ta cika titunan Najeriya, 'yar'uwar Toyota Matrix ce? General Motors da Toyota suka yi ta tare, daga 2002 zuwa 2009, a masana'antar haɗin gwiwarsu ta NUMMI da ke Fremont a Kalifoniya, wadda yanzu take hannun Tesla. Dillali idan zai sayar maka da Vibe, abu na farko da zai ce shi ne injin Toyota ne, kayan gyaranta ko'ina akwai. Wato a wurinmu abin da ke ƙarƙashin bonet shi ne magana, tambari ya biyo baya. Da wannan ma'aunin, tsoron masu sukar Supra yana da tushe. Wanda ya sayi Toyota yana sa ran motar da ba ta kai shi gareji sai don juyen mai, ga kayan gyara da araha. Wanda ya sayi Supra kuwa kayan BMW zai saya, da kuɗin BMW. A 2019 ma da aka janye wasu 'yan ƙalilan a Amurka saboda matsalar walda, BMW ne ya shigar da sanarwar.

Duk da haka, idan aka ce in zaɓa, ina tare da waɗanda suka yi maraba da ita. Abin da ke gaban Toyota a 2012 ba zaɓi ba ne tsakanin Supra 'yar Japan tsantsa da Supra mai injin Jamus. Ko dai wannan, ko babu. Kamfanin da ke sayar da motoci wajen miliyan 10 a shekara ba zai gina layin inji don motar da ake saye 'yan dubbai ba, musamman bayan abin da ya gani a shekarun 1990. Nissan ya bi ɗaya hanyar: sabuwar Z ta 2022 tasa ce ciki da waje, V6 mai turbo biyu, doki 400, ga giyar hannu tun ranar farko. Amma sai da ya ɗora ta a kan tsohon shasin da ya gada daga 370Z kafin lissafi ya fita, kuma a kan wannan ma masoya ba su ƙyale shi ba.

Shin ko kun san cewa sunan ya yi nisa a fagen tsere, sau da yawa ba tare da injin BMW ba? Supra ta shiga gasar NASCAR ta rukuni na biyu a Amurka a 2019 da V8 na tsere, ta shiga rukunin GT500 na gasar Super GT a Japan a 2020 da injin Toyota mai silinda huɗu. Wadda ake sayar wa ƙungiyoyin tsere masu zaman kansu, GT4, ita ce ta riƙe B58.

Kuma ko kun san an riga an yanka mata wa'adi? Kamfanonin biyu sun sanar da cewa a 2026 Graz za ta daina fitar da Supra da Z4. A Nuwamban 2024 Toyota ya bayyana ta bankwana mai suna A90 Final Edition: guda 300 kacal, na Japan da Turai, ƙarfinta ya haura doki 420, da manyan birki da kujerun tsere da fiffike a baya. Babu otomatik a cikinsu ko ɗaya, duka da giyar hannu aka yi su.